Digirin Maroƙa

Ku da kuke karanta wannan a waya, kuna tura wa masoyanku saƙo ya isa kafin ku ɗaga yatsa, ku yi mini uzuri in na ce ba ku san jira ba. Ni Safinatu, 'yar Alhaji Arzika na Bodinga, na san shi. A kaset ake aiko mini da zance. Maniru zai zauna a ɗakinsa na jami'a a Sakkwato ya danna rikoda ya yi ta magana, ya naɗe kaset ɗin a takarda ya ba direban motar garin Shagari. Motar za ta wuce ta bakin unguwarmu ko tsayawa ba ta yi, don babu direban da ke da ƙarfin halin yin sallama a ƙofar Baba da irin wannan saƙo. Sai ta kai shi can hannun yayata Zulaihatu da ke aikin asibiti a Shagari, ita kuma sai ranar da ta ga dama ta leƙo gida da shi a ƙasan jaka, tana yi mini yanga.

"Ga mutumin naki ya ƙara cika kaset da surutu. Ke wai ba ki gajiya?"

Ban taɓa gajiya ba. Daminar 1983 ce, batir ya zama abin ɓoyewa kamar sabulu da madara. Mutanen nesa suna zaton tunda shugaban ƙasa ɗan yankinmu ne, shinkafa a bakin ƙofa muke tsintar ta, alhali layin da suke bi shi muke bi. Ina koyarwa a firamare, albashi sai an manta da shi yake zuwa. Don haka in na saurari gefe ɗaya, da biro nake mayar da zaren baya, in zauna bakin gadon Inna ina juya shi a hankali don kada batir ya tafi a banza.

Maniru ɗan Lambara ne, kuma abin da ya tsaya wa Baba a wuya shi ne ubansa. Na'Allah shi ne Sarkin Kiɗan noma na Lambara, gangar a gidansu take tun kakanni. Maniru ya yi boko har ya gama digiri, jami'a ta riƙe shi ƙaramin malami. Shi da shugaban sashensu suka tsara sabon karatu na digiri na biyu, kan gudanar da harkokin fasaha da al'adu. Majalisar jami'a ta sha gardama a kai kafin ta yarda, saura hukumar da ke Legas ta sa hannu. To ga gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sabon kwas ba ya samun shiga sai wanda ya gamsar da su ƙwarai. Don wannan kwas aka ɗauki Maniru. In an amince, zai zauna Sakkwato ya karanta ya koyar. In an ƙi, sai ya karɓi gurbin karatun da aka ba shi a ƙasar waje ya yi shekaru, kuma kowa ya san Baba ba zai ajiye ni ina jiran jirgi ba.

Ranar da ya zo gaida Baba, ina laɓe bayan ƙyauren zaure, ɗankwalina a baki don kada numfashina ya tona ni. Ya sa farar shadda da hula zanna, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa da buzun Baba.

"To, mi a ka koyo cikin karatun ga naku?" in ji Baba.

"Allah shi ba ka yawan rai, yadda za a riƙa ma makaɗa da masaƙa da dukawa sana'assu. A shirya masu wasanni, a adana kayan tarihi, a san haƙƙinsu kada a cuce su."

Baba ya ja carbi ya ce, "Wato digirin maroƙa."

Na ji kamar in nutse a wurin. Maniru bai ɗago ba.

"Ni ba ni da tsiya da kai, yaro. Na san ubanka, mutumen kirki na. Amma magana biyu ta. In manyan ilimi na ƙasa sunka sa hannu sunka ce wanga abu ilimi na, ni ban hi su sani ba. Ta biyu, hannunka ba shi taɓa ganga. Ɗiyata ba ta zama gidan da a ka roƙo."

"Na ɗauka, Alhaji."

Da sauri ya faɗa, har sai da na ji haushinsa kaɗan. Ko ɗan jim bai yi ba, kamar gangar ba ita ta ciyar da shi ba.

A bangon zauren nan akwai wata tsohuwar hauya rataye, ƙotarta ta yi baƙi, gara ta fara cin gindinta. Tun ina yarinya nake ganinta, ba a noma da ita, ba a kuma sauke ta. Da na shiga ciki ina ƙunƙuni ina cewa Baba bai san daɗin kiɗa ba shi ya sa, sai Inna Hajjo ta ajiye tankaɗen da take yi ta dube ni.

"Ubanki? Ke dai yi shiru. Da can gayya ba ta tashi ƙasag ga sai ya iso. Da yad dawo Makka yar rataye hauya, yac ce ya bar ma yara." Ta ci gaba da tankaɗe, duk yadda na ja ta ba ta ƙara ba.

Baba ya ce zance ya dakata sai an ji daga Legas. Watannin nan su ne na kaset. Maniru yana ba ni labarin takardun da aka dawo musu da su a gyara, da taron da aka ɗage, da wani malamin lissafi da ya tambaye shi ko da kalangu za a riƙa raba sakamakon jarrabawa. Yana dariya, amma ina jin gajiya a ƙarƙashin dariyar. Akwai wurin da na maimaita har zaren ya fara shaƙewa.

"Malama, sa'in da nika rubutu sai in ji yatsuna na kiɗi bisa tebur. Sai in zauna bisansu. Kada ki hwaɗa ma kowa. Ina marmarin ganinki, ko daga nesa na, ko bayan gyalenki na."

Ni ma ina marmarinsa, marmari irin wanda ke sa ka zuba gishiri sau biyu a miya. Na sayi atamfa shuɗiya mai zanen ganye tun kafin kaya su yi tsada, na kai ɗinki, na ninke ta a ƙasan akwati da turare, na ce ba zan sa ta ba sai ranar da zai gan ni. In babur besfa irin na Maniru ya wuce ta ƙofar makarantarmu sai alli ya tsaya a hannuna, yara su yi ta kallona. Ga matan unguwa da tambayar tsiya, kowace ta shigo ɗiban wuta sai ta ce wa Inna, wai har yanzu Malama ba ta samu na tsayawa ba?

Sai kaset ya zo da labari. Hukuma ta turo tawaga ta duba. Sun ce jami'ar ba ta da zauren wasanni, ba ta da gidan adana kayan tarihi, to a ina ɗalibai za su koyi aiki? Shugaban sashe ya ce ƙauyukan nan su ne ajinsu, fasahar tana raye, ana aiki da ita. Suka ce a nuna musu. Aka sa ranar gayyar maimai, wato noma na biyu, a wata babbar gonar gero a Lambara, Na'Allah zai kaɗa, Maniru zai yi bayani.

Baba da ya ji, sai ya ce za shi. Ba don kiɗa ba, don ya ga ko yaron zai riƙe alkawari a gaban gangar gidansu. Ni kuwa na ce za ni taya Yaya Zulaihatu kwana biyu a Shagari. Inna ta dubi lallen da na ƙunsa a ƙafa, ta dubi akwatin da na buɗe har ƙasa, sai ta miƙo mini 'yan kunnenta.

Da hantsi muka isa Lambara ni da Yaya Zulaihatu, muka shiga cikin matan da ke dama fura a gindin wata tsamiya. Gero ya kai gwiwa, ƙasa da danshi, samari sun yi sahu kowa da hauyarsa. An kafa rumfa an jera kujeru. Shugabar tawagar wata farfesa ce 'yar Kudu, mai furfura da tabarau, ta ɗaura zani da ashoke, saƙin Yarbawa, a kafaɗa, mutum biyu suna biye da ita da manyan fayil. Baba yana cikin dattawa, babbar riga ruwan ƙasa da rawani, fuskar nan a ɗaure. Sai ga Maniru cikin kwat baƙa da ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa, yana ta kai da komo. Ya rame. Ya waiwayo wajen tsamiya, idonsa ya faɗa kan shuɗiyar atamfa, ya tsaya da magana a tsakiyar jimla sai da farfesar ta taɓa shi. Yaya Zulaihatu ta mintsine ni.

"Rufe baki, ƙuda na shiga."

Na'Allah ya fito da gangarsa. Tsoho ne dogo siriri, amosani ya tanƙwara masa yatsu. Shi kaɗai ne daga gidansu, sai masu amshi, don 'yan'uwan Maniru duk wahala ta kora su Legas neman abin yi. Ya sa gula, sandar kiɗan nan mai lanƙwasa, ya buga, samari suka duƙa gaba ɗaya.

Bari in gaya muku abin da ba a rubuta a fayil ɗin kowa ba, don ku gane abin da ya biyo baya. Kowane gwarzon manomi yana da takensa, kiɗan da makaɗi ya yi dominsa shi kaɗai. In an kaɗa, mai shi ba ya iya zama, jikinsa zai ɗauki tsuma ya miƙe ya kama hauya, kuma ba a sakin taken sai ya kai ƙarshen kunyar da yake nomewa. In aka yanke wa mutum take a tsakiya, an tozarta shi ke nan a bainar jama'a, har jikokinsa sai an yi musu gori. Gangar Sarkin Kiɗa kuwa ba ta hawa kafaɗar wanda ba jinin gidan ba.

Komai yana tafiya daidai. Maniru yana fassara, farfesa tana gyaɗa kai tana rubutu. Sai Na'Allah ya zagayo ta gaban rumfa, ya hango Baba. Na ga tsohon ya tsaya, fuskarsa ta washe. Shi a ransa ga surukin da ɗansa ke nema ya tako har Lambara, da me zai girmama shi in ba da abin da ya fi iyawa ba? Ai shi ya yi masa taken tun suna samari. Bai yi shawara da kowa ba ya juya kiɗan.

Ban taɓa jin kiɗan nan ba, amma tsofaffin matan da ke kusa da ni sun san shi. Wata ta saki ludayi ta ce, "Taken Arzika na. Ashe muna da rabon mu ƙara jin shi."

Na dubi Baba. Carbin hannunsa ya tsaya. Ya runtse ido, leɓensa yana motsi, na san istigfari yake. Gwiwarsa ta fara rawa, ya danne ta da hannu, ɗayar ta ɗauka. Masu amshi suka shiga kirari, Arzika na Hajjo, mai kwana gona, wanda rana ke gajiya ta bar shi. Ban san lokacin da ya miƙe ba. Na dai gan shi tsaye a gaban rumfa, babbar riga tana karkarwa a jikinsa, ya miƙa hannu wani saurayi ya ɗora masa hauya.

A nan gula ta suɓuce daga hannun Na'Allah.

Ya duƙa ya ɗauka, yatsun suka ƙi rufuwa. Ya sake gwadawa da hannu biyu, ta sake faɗuwa. Gonar ta yi tsit. Samari suka ɗago, masu amshi suka dubi juna, babu mai ikon taɓa gangar. Farfesa ta rufe littafinta ta juya tana tambayar abin da ya faru. Ga Baba tsaye a bakin kunya da hauya a sama, rawaninsa ya karkace, dattijon da Bodinga ke tashi in ya shigo, ana kallonsa an yanke masa take.

Wallahi ban san abin da na roƙa ba a lokacin. Zuciya ɗaya tana cewa Maniru kada ka taɓa, ɗaya tana cewa Maniru dubi ubana. Maniru ya waiwayo wajen tsamiya sau ɗaya. Ban gyaɗa kai ba, ban girgiza ba, hawaye ne kawai suka ɓata mini kwalli.

Ya tuɓe kwat ɗin ya miƙa wa shugaban sashensu. Ya durƙusa gaban ubansa, tsohon ya zare igiyar gangar ya rataya masa da kansa. Ya ɗauki gula daga ƙasa, ya kama taken daidai inda ya tsinke.

Ashe haka ya iya. Duk watannin nan da yake zama a kan yatsunsa, ashe wannan yake dannewa. Baba ya duƙa. Ya soke babbar riga a ƙugu ya kama kunya, ƙasa tana tashi, samari biyu da suka jera da shi ya bar su a baya. Maniru yana binsa a gefe da ganga, farar rigarsa ta jiƙe, takalmin ofis yana nutsewa cikin laka. Mata suna guɗa, ni kuwa na ƙanƙame hannun Yaya Zulaihatu har sai da ta ce zan karya ta. Farfesa ta bar kujera ta tako cikin gero da zaninta, ta manta da littafin.

Da Baba ya kai ƙarshen kunya, Maniru ya rufe taken. Suka tsaya suna haki, suna fuskantar juna. Maniru ya sauke gangar ya durƙusa. Baba ya dube shi, ya dubi hauyar hannunsa kamar bai san yadda aka yi ta zo ba, ya ajiye ta, ya gyara rawani. Ko fura bai tsaya sha ba, ya nufi bakin hanya.

Bayan nan gidanmu ya zama gidan kurame. Baba yana fita masallaci ya dawo, tafin hannunsa duk bororo, Inna tana shafa masa man kaɗanya. Kaset ya daina zuwa. Yaya Zulaihatu ta zo sau biyu, tun daga zaure take buɗe mini tafin hannunta in ga babu. Na wanke atamfar na mayar ƙasan akwati. Tsofaffin kaset ɗin nake ji, har batir ya mutu muryarsa ta koma ta tsoho, ban kashe ba. Aka yi zaɓe, aka yi hayaniya, gero ya fitar da kai, ni dai kunnena yana kan hanya.

Sai da aka fara yankan gero Yaya Zulaihatu ta kawo kaset. Wannan karon ba ta yi yanga ba, har batir ta haɗo mini da shi. Maganar ba ta da tsawo.

"Malama, sun sa hannu. An amince da kwas. Farfesa ta rubuta cewa abin da tag gani Lambara ya hi zauren wasanni. Kowa na yi man barka, ni ko ban san inda za ni sa kaina ba. Na cika ɗaya, na karya ɗaya, kuma gaban idon Alhaji. Ba ni da huskar da za ni zo da ita. Amma ko yau anka koma, sai na ɗauki gangag ga. Ki yahe man."

Sauran zaren duk shiru ne, sai ƙarar fanka. Na saurare shi har ƙarshe ko zai ƙara wani abu.

Ban san na ƙure muryar rikodar ba sai da na ji gyaran murya a tsakar gida. Baba ne ya dawo daga la'asar, yana tsaye kusa da tagar Inna. Ya juya ya koma zaure, can sai ya aiko a kira ni.

Na shiga na durƙusa. Abin da na fara gani shi ne bango. Hauyar nan ba ta wurin, sai inuwarta a jikin farar ƙasa. Tana kan cinyarsa, ya cire tsohuwar ƙotar, yana feƙe sabuwa da 'yar wuƙa.

"Sun sa hannu?"

"Sun sa, Baba."

"Alkawali kau ya karye."

"Ya karye, Baba."

Ya ci gaba da fiƙa, ɓawon itace yana zuba a kan buzu. 

"Da ya riƙe shi," ya ce, bai ɗago ba, "da yau ban iya ratsa kasuwar Shagari."

 Ya gwada ƙotar a bakin hauyar, ba ta yi ba, ya sake cirewa.

"Ki aika mai. Shi taho ran Juma'a, shi da ubanai."

Na ce, "Baba, in ce su taho da mi?" Ina nufin goro, ko manya, ko dai abin da ake zuwa da shi.

Sai a sannan ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya mayar kan aikinsa.

"Gonata ta Danchadi ba a yanke ta ba," ya ce. "Su taho da gangar."